Injin jirgina yana yoyon mai, ku taimaka kafin in shafa masa gam

Ɗan Rumde (Garwa): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun makon jiya nake fama da ƙaramin jirgin saman wasan nan mai fiffike a sama da na saya hannun wani da zai koma Duwala. Injinsa mai girman .46 ne mai bugu biyu, irin mai bujin garwashi (fulogin da ke yin ja kamar garwashi maimakon tartsatsi), tankinsa 240 ml. Matsalata biyu. Mai yana fitowa ta hancin inji, daidai bayan farfela, yana gangarowa har cikin jirgin. Sannan in na tayar da shi sai ya yi kamar minti biyu lafiya lau, daga nan kukansa ya siranta, ya yi zafi, ya mutu. Jiya na buɗe ƙarƙashin hanci na tarar sosan da ke naɗe da tanki ya jiƙe sharkaf. Man da ya rage mini bai kai lita biyu ba, kun kuwa san yadda samunsa yake a garin nan. Ina da gam mai haɗi biyu a shago. In shafe bakin hancin da shi?

Usta Kusiri: Wa alaikumus salam. Wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Inji mai bugu biyu in ka ga mai yana fita ta inda kiranshaf, wato sandar inji, ya leƙo waje, juwan sipi (robar gefen sandar) ne ya mutu, ko kuma rulma (boris) ya yi wasa ya cinye shi. Shi ne kuma dalilin mutuwar injin, don inda mai ya samu hanyar fita, nan iska take samun ta shiga. Na kwance irinsa a moto ya fi a ƙirga. Ciro rulman gaba ka turo mini lambarsa, gada kawai zan tsallaka in duba maka a Njamena.

Baba Mai Jirgi (Ngaundare): Ɗana, gam ɗin nan ka mayar da shi cikin durowa, ka kulle, ka ba maƙwabcinka mabuɗin ya riƙe maka har mu gama magana.

Usta, a kan moto maganarka dutse ce. Amma wannan injin ba shi da juwan sipi, haka aka ƙera shi tun asali. Kiranshaf ɗinsa rami gare shi a ciki, da ƴar taga a jikinsa. In tagar ta juyo ƙarƙashin karbirato sai ta zuƙi mai da iska, in ta wuce ta rufe. Abin da ke tsare gaban injin shi ne matsewar sandar a gidanta, da ɗan man da ke kwance tsakaninsu. Saboda haka kowane juyi sai ɗan mai ya matso gaba ya jiƙa rulma, kuma da wannan nason rulman yake rayuwa. Ni hancin da ya bushe ƙayau ya fi ba ni tsoro a kan wanda yake naso.

Ka yi mini abu ɗaya. Taɓa man da ke hanci, ka murza tsakanin yatsu biyu. Ka matse sosan tanki, shi ma ka murza. Ka gaya mini ko iri ɗaya ne.

Ɗan Rumde: Baba na yi. Na hanci mai kauri ne, kalar zuma, yana yauƙi. Na soso kuwa ruwa-ruwa ne, yana da sanyi a hannu, nan da nan ya bushe ya bar ɗan maiƙo.

Baba Mai Jirgi: To ka ga. Biyu ne, ba ɗaya ba. Na hanci mai ne da ya riga ya ratsa inji, barasar mitanol da ke cikinsa ta tashi ta bar maiƙo. Na soso ɗanyen mai ne da bai taɓa ganin karbirato ba. Wannan ba daga inji ya fito ba, daga tanki ne ko tiyo.

Kuma bari in ƙara maka lissafi, don sababbi da yawa a nan suke ruɗewa. Man nan kusan kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari maiƙo ne, kuma mafi yawansa ba ya ƙonewa, ta salansa yake fita. Tankinka na 240 ml, ka ga maiƙon da ke ciki ya kusa cokali uku na cin abinci. Duk tashi ɗaya sai cokali ukun nan sun watsu a jikin jirgi, iskar farfela ta baza su ko'ina, har su hau inda ba ka zato. Ba lalacewa ba ce, halin injin ne. Wanda ba ya son tsumma a aljihu kada ya sayi injin garwashi.

Ɗan Farsha (Njamena): Shi ya sa ni tun shekaru uku na sallama. Inji mai batir, ka danna ta tashi, ka sauka ka naɗe kayanka riga fes. Ba mai, ba tsumma, ba warin da matar gida za ta kore ka tsakar gida.

Usta Kusiri: Ranar da wuta ta yi kwana biyu ba ta zo ba, da me kake cajin?

Ɗan Farsha: Da batirin mota, Usta, kamar yadda kowa yake yi. Kai da me kake samun mitanol, da addu'a?

Mai Kula da Zaure: Ƴan'uwa, muhawarar batir da mai mun yi ta sau huɗu a zauren nan, ba wanda ya sauya sheƙa. A bar yaro ya gyara injinsa tukuna.

Baba Mai Jirgi: Ciro tankin gaba ɗaya da tiyoyinsa. Ka juye man a kwalba mai tsabta ka rufe da kyau. Tankinka layi nawa gare shi?

Ɗan Rumde: Biyu. Ɗaya zuwa karbirato, ɗaya zuwa salansa.

Baba Mai Jirgi: Madalla, aikin ya yi sauƙi. Na salansa shi ne yake turo iska cikin tanki ya danno mai zuwa allurar da ke daidaita mai a karbirato. In akwai huda ko'ina a tanki, ko murfinsa, ko wannan layin, matsin yana tsiyayewa. Lokacin da tanki yake cike ba za ka lura ba, don man yana kusa, injin yana iya jawo shi da kansa. Da ya yi ƙasa sai jan ya yi masa nisa, ƙishi ya kama shi. Minti biyun da kake gani ke nan.

Gwajin kuwa irin na mai faci ne. Ka toshe layi ɗaya, ka hura iska ta ɗayan har tanki ya ɗan kumbura, ka matse bakin, ka nutsar da komai cikin bokitin ruwa. Ka lanƙwasa tiyon, ka ja shi kaɗan-kaɗan yana cikin ruwa, don hudar silikon tana rufe bakinta in ba a miƙe ta ba.

Malama Kimiyya (Marwa): Baba, gafara, in sa baki a nan. Kada ya hura da baki. Ya nemi babban sirinji a farmasi, ko famfon keke. Na ga bidiyoyi da yawa mutane suna sa tiyon mai a baki suna hurawa, wasu ma suna zuƙa don mai ya taho. Mitanol ba irin barasar da aka sani ba ce. In ya shiga jiki hanta tana juya shi zuwa gubar da take fara cin jijiyar ido, abin da bai cika cokali ɗaya ba yana iya makantar da mutum har abada. Ta fata ma yana shiga, don haka murzawar da aka sa ka yi ɗazu, ka wanke hannu da sabulu. Sannan in ya kama wuta da rana tsaka harshen wutar ba ya ganuwa sosai, sai dai ka ji zafi. Kada a yi aikin nan kusa da murhu ko mai shan taba, kuma kwalbar da za ka juye man kada ta zama ta ruwan sha da yara za su ɗauka.

Baba Mai Jirgi: Gaskiyarki Malama. Mu da muka koya a hannun tsofaffi da baki muka saba, Allah ne kawai ya tsare. Ɗana bi maganarta, sirinji.

Ɗan Rumde: Na dawo. Kumfa ta fito wuri biyu. Ɗaya a tiyon da ke zuwa karbirato, daidai inda ya ratsa katakon da aka ɗaure inji a kai. Sai da na lanƙwasa shi kamar yadda Baba ya ce sannan ta nuna, ƙananan kumfa a jere kamar tsakiya. Ɗayan a bakin murfin tanki, gefen bututun tagulla. Da na kwance murfin na ga robar ta bushe ta tsattsage kamar dugadugin hunturu, bututun kuma bakinsa kaifi gare shi, har ya yanki tiyon da ke ciki rabi.

Na Mubi: Ina bin ku a hankali. Buji dai fulogi ke nan, rulma boris, karbirato kafireto. Juwan sipi ne ban gane ba.

Usta Kusiri: Robar nan mai zobe da waya a ciki da ke hana mai fita gefen sanda. Ku can kuna da sunanku.

Na Mubi: Na gane. To tunda tiyo ne ya huje, ai tiyon mai na moto yana ko'ina, ya yanko guntu ya sa mana.

Baba Mai Jirgi: A'a. Kowane mai da tiyonsa. Man garwashi silikon yake so. Tiyon da aka yi don fetur in ya daɗe cikin wannan man sai ya ƙage ya zama kamar kara, ya daina kama bututu. Haka kuma in ka zuba fetur a tiyon silikon sai ya kumbura ya yi laushi ya zame. Na cikin tanki ma ya fi muhimmanci, don a bakinsa akwai ɗan ƙarfe mai nauyi da ke bin mai duk inda ya kwanta, ko jirgi ya kife. In tiyon ya ƙage, ƙarfen ya tsaya wuri ɗaya ke nan, ka juya jirgi ya zuƙi iska.

Ɗan Rumde, ga yadda za ka yi. Bakin bututun tagulla ka goge shi da takardar yashi mai laushi, ciki da waje, har ka shafa da yatsa ba ka ji kaifi ba. In kana da dalma, kuma na san kana da ita tunda gyaran waya kake yi, naɗa siririyar waya zagaye biyu kusa da bakin ka ɗiga mata dalma, ta zama ɗan tudu da zai riƙe tiyo. Amma ka yi wannan bayan ka zura bututun cikin robar murfi, in ba haka ba ba zai shiga ba, kuma ka riƙe shi da filaya tsakanin dalmar da robar don zafin ya tsaya a filayar. Tiyon ciki ka yanka shi yadda ƙarfen ba zai taɓa bayan tanki ba, ka bar kamar santimita ɗaya. Ka girgiza tankin, ka kifa shi, ka ji ƙarfen yana faɗuwa ƙwal-ƙwal kowane gefe. Ramin da tiyo ya ratsa a katako ka faɗaɗa shi ka goge bakinsa. Sukurun murfi kuwa kada ka ɗaure shi kamar na taya. Ka matsa har ya daina kumfa, ka tsaya. Na taɓa tsaga wuyan tanki sabo fil da hannuna saboda "bari in ƙara kaɗan."

Ɗan Rumde: Tiyon silikon akwai kusan rabin mita cikin kwalin da aka haɗo mini da shi. Robar murfi ce babu.

Ɗan Farsha: Ina da tankuna biyu a ajiye tun zamanin jahiliyyata, ɗaya ko kwalinsa ba a buɗe ba. Usta in ya tsallako ya karɓa ya sa maka a motar Garwa.

Usta Kusiri: Gobe bayan azahar in sha Allah. Amma ku rubuta ku ajiye, ni ban janye maganata ba. Injin nan yana shan iska ta jikinsa.

Ɗan Rumde: Salam. Saƙo ya iso, Allah ya saka wa Ɗan Farsha da Usta da alheri. Na haɗa komai, na gwada a ruwa, ko kumfa ɗaya babu. Na tayar da shi yau da safe a bayan gida. Soso a bushe, kuma ya sha tanki har ƙasa bai mutu ba a cikakken gudu. Sai dai wani abu ya rage. In na rage masa wuta ba ya saukowa nan take, sai ya daɗe yana kuka sama-sama kafin ya lafa, wani lokaci ya mutu. Ko na rufe maƙogwaron karbirato gaba ɗaya sai ya ci gaba da juyi na ɗan lokaci. Allura kuma duk inda na sa ta, bayan minti ɗaya kamar ba a nan na bar ta ba.

Usta Kusiri: Allahu akbar. Baba, me na ce?

Baba Mai Jirgi: Ka ce rulma, Usta. Amma iska kam ka yi gaskiya, na ba ka. Injin da aka rufe wa maƙogwaro ya ƙi mutuwa yana numfashi ta wata kafa.

Usta Kusiri: To bari in koya muku dabarar gareji. Yaro, wanke injin tas, ka bar shi ya bushe. Samo hodar jarirai ka barbaɗa masa ko'ina, gindin karbirato, murfin baya, zagayen kai, gindin buji, wajen allura, ka rufe bakin karbirato da yatsa kada ta shiga ciki. Ka busa ragowar. Ka tayar da shi minti ɗaya kacal ka kashe. Duk inda yake yoyo za ka ga hodar ta yi duhu, ta zana maka hanya tun daga mafari. Injin bugu biyu cikinsa zuƙa yake yana turawa, zuƙa yana turawa, saboda haka kafar da ke shan iska ita ce kuma take tofar da mai.

Baba Mai Jirgi: Wannan dabara ce mai kyau, ni ma da ita nake aiki. Abin da zan ƙara, farfela tana baza hoda da mai, shi ya sa minti ɗayan nan kada ya wuce. Kuma duk abin da za ka taɓa a injin yana tafiya, daga baya za ka tsaya. Farfelar 11x6 a kan wannan injin tana haura juyi 10,000 a minti ɗaya, ba ta san yatsa ba. Ka sa wani ya riƙe maka jirgin ta wutsiya, ka tayar da sanda, ba da hannu ba.

Wuraren da iska take shiga ba su da yawa. Gindin karbirato akwai zoben roba, zafi yana busar da shi, zafin Garwa kuwa a watan Maris da Afrilu ba sai na ba ka labari ba. Murfin baya akwai juwan na takarda ko zobe. Allura ita ma tana da ɗan zobenta. Sai washar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin buji, da sukurorin kai. Na kai da na buji ba iska suke sha ba, matsi suke zubarwa, za ka ga baƙin mai yana tsartuwa a wurin.

Ɗan Rumde: An yi gwajin hoda, har uwargida tana tambaya ko injin ne ya yi ƙurajen zafi. Wuri biyu ya yi duhu: zagayen gindin karbirato, da wajen zaren allura. Murfin baya fes. Da na kama karbirato da hannu na ji yana ɗan motsi. Na cire shi, zoben ya baje ya yi tauri, da na lanƙwasa shi ya karye biyu.

Usta Kusiri: Kai guntayen wurin masu sayar da kayan moto ko masu gyaran famfon gazuwal, wato dizal, suna da kwalin zobba girma-girma. Ka tafi da karbiraton a aljihu ka gwada a wuyansa.

Baba Mai Jirgi: Haka ne, zai yi aiki, sai dai ka riƙa duba shi duk bayan ƴan watanni don man nan yana busar da baƙar roba. Wurin mayarwa ne mutane suke kuskure. Ka shafa wa zoben ɗan mai, ka danna karbiraton ƙasa da babban yatsa da ƙarfi har ka ji zoben ya matsu, kana danne ɗin za ka ɗaure sukurun da ke riƙe shi. In ka ɗaure sannan ka danna, aikin banza ka yi.

Allura kuwa maganinta yana cikin kwalinka. Yanko guntun tiyon silikon kamar rabin santimita ko fiye kaɗan, ka cire allurar, ka zura guntun a kan gidan zaren, ka mayar da ita yadda gindinta zai shiga cikin tiyon ya matse. Ya toshe iska, ya kuma hana ta juyawa da kanta saboda girgiza. Kafin ka cire, ƙirga zagaye nawa take a buɗe: ka rufe ta a hankali kana ƙirgawa, kada ka matse ta a ƙarshe, bakinta siriri ne yana lalacewa.

Na Mubi: Ni da na ɗauka ƙaramin inji ƙaramar wahala. Tambaya: in mansa ya ƙare fa? Ba za a haɗa zuwa-zuwa, fetur ɗin bakin hanya, da man inji a zuba ba, kamar na janareta?

Malama Kimiyya: Ba zai yi ba, kuma dalilin yana cikin bujin. Babu tartsatsi a wannan injin. Cikin bujin akwai siririyar waya a naɗe, ta gaurayen ƙarfen filatinam. Batirin 1.5 V ne yake fara ja da ita, da inji ya kama sai a cire batirin. Abin da ke riƙe ta da zafi bayan nan shi ne zafin ƙonewa da kuma haɗuwar tururin mitanol da filatinam ɗin, wanda da kansa yake ƙara mata zafi. Fetur ba ya yi mata haka yadda ake bukata. Barasar ƙonawa da ake sayarwa a kanti ma yawancinta etanol ce da ruwa a ciki, ba za ta ba ka abin da kake so ba. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ya fito da bujin nan kasuwa a ƙarshen shekarun 1940, kafin nan yawancin ƙananan injinan jirage da batir da kwayil suke tashi.

Maiƙon ma ba kowanne ba ne. Man inji na mota ba ya narkewa cikin mitanol, ka girgiza su ka ajiye za ka ga sun rabu hawa biyu. Man anguryar da muke soya ƙosai da shi ma haka, man gyaɗa haka. Man zurma ne yake haɗuwa da shi, cika-gidan nan da ke fitowa a bakin juji ba mai kula shi. Kashi 80 mitanol, kashi 20 man zurma, shi ne tsohon haɗin da har a wasu gasannin duniya ake tilasta amfani da shi, ba nitro, sinadarin ƙara wa inji ƙarfi, ko ɗigo. Injin .46 zai tafi da shi, sai dai ƙarfi ya ɗan ragu kuma ƙaramin gudu ya fi wuyar saitawa. Amma wanda aka tace nake nufi, irin na farmasi, ba wanda aka matse a gida ba.

Ɗan Rumde, lita biyun nan naka ka rufe bakin galan da kyau ka ajiye a inuwa. Mitanol yana jan ruwa daga iska, musamman da damina ga ku a bakin Binuwai. Kuma yana tafasa a kusan digiri 65, saboda haka tanki cike a cikin jirgin da aka bari a rana zai yi ta turo mai ta karbirato yana ɗiga, ka ɗauka wani sabon yoyo ne.

Baba Mai Jirgi: Wannan na ƙarshe ya taɓa sa ni kwance inji lafiyayye a banza. Wani abin kuma da ke kawo ɗigar nan a ajiye shi ne tanki ya fi karbirato tudu. Tsakiyar tanki ya kamata ya zo daidai da allura ko ƙasa da ita kaɗan. In an gama tashi a zuƙe man tanki duka, a tayar da inji ya ƙone ragowar da ke cikinsa, a ɗiga masa ɗan man giya na mota mai otomatik ta karbirato, a juya farfela. In ba haka ba ruwan da Malama ta ambata shi zai sa rulma tsatsa, sannan maganar Usta ta tabbata.

Ɗan Rumde: Baba, katakon da inji yake kai fa? Gefensa na ƙasa ya sha mai ya yi duhu, in na danna da farce yana ɗan lotsawa.

Baba Mai Jirgi: Yawwa, yanzu ka je ka karɓo mabuɗin durowa. Amma ba yau za ka shafa ba, gam ba ya kama katako mai maiƙo. Kwance injin, ka cika wurin da hoda ko garin sitaci, ka ajiye a wuri mai ɗumi ya kwana, ka kakkaɓe, ka sake. Sai ka yi haka sau huɗu ko biyar har garin ya daina yin duhu. Sannan ka goge da barasa, ya bushe, ka shafe katakon duka da gam ɗin siriri, har cikin ramukan tiyo. In bayan duk wannan yana lotsawa, ka yanke wurin ka sa sabon falle. Inji ya taɓa ficewa daga hancin jirgin wani abokina yana sama, jirgin ya dawo kamar ganye, injin kuwa sai da muka yini muna nema a gonar masara. Sosan ma ka jefar, ka naɗe tankin da sabo, yana hana girgiza ta mayar da mai kumfa.

Saitin allura kada ka kwafi nawa in na faɗa. Mu nan Ngaundare mun haura mita 1,000, iskarmu ba ta kai taku kauri ba, ku da kuke kwance a kwari. Ka buɗe wuta duka, ka rufe allura a hankali har kuka ya kai ƙololuwa, sannan ka buɗe ta baya har ya ɗan sauko kana ganin hayaƙi. Ka ɗaga hancin jirgin sama tsaye ka ƙirga goma. In kukan ya raunana, ƙishi ne, ƙara buɗewa. A ƙaramin gudu kuma ka matse tiyo da yatsa: in ya ɗan tashi na daƙiƙa uku ko huɗu sannan ya mutu, daidai ne. In ya mutu nan take, mai ya yi kaɗan.

Mai Kula da Zaure: Tunatarwa kafin ranar tashi, don na san zumuɗi. Garwa akwai filin jirgi da sansanin sojan sama a wuri ɗaya, kada kowa ya kusanci wannan ɓangaren da abin da ke tashi. Ku fita bayan gari, ku sanar da mai unguwa da jandarmomin wurin kafin ku tayar, ku tafi da takardunku. Ƴan Marwa da Kusiri ku kun fi kowa sanin halin tsaron da ake ciki, in an ce a'a to a'a ce.

Ɗan Rumde: Assalamu alaikum. Kwana tara ke nan, ga rahoto. Katako ya ɗauki hoda sau shida kafin ya yi fari. Zoben da ya dace na same shi wurin mai gyaran famfo, ya ƙi karɓar ko dala, ya ce sai dai in kira shi ranar tashi. Yau bayan asuba muka fita wani fili a hanyar Pitowa, da shi da ƙanena da yara wajen ashirin da ban san inda suka ɓullo ba. Tashi biyu, minti takwas-takwas. Na rufe maƙogwaro ya mutu nan take. Cikin jirgi a bushe. Saukar farko na karya farfela, wannan laifin hannuna ne. Hancin dai yana nan yana naso, kamar ɗigo uku zuwa huɗu na goge bayan kowane tashi.

Baba Mai Jirgi: Barka, barka. Man hancin wace kala?

Ɗan Rumde: Zuma, Baba. Ba baƙi, ba toka-toka.

Baba Mai Jirgi: To bar shi. Ranar da ka ga ya koma toka, ko ka kama farfela ka ji tana wasa sama da ƙasa, ko ka juya ka ji ƙaras-ƙaras kamar yashi, ka yi magana. Kuma ko a ranar ba guduma, gidan ake dumamawa alminiyam ya buɗe rulma ya faɗo da kansa.

Usta Kusiri: Ɗigo huɗu ɗin nan ni dai ba su kwanta mini ba. Bayan sallah ina da ɗaurin aure a Garwa, zan zo in kama farfelar da hannuna. Ka auna mini sandar da faɗin gidan rulman tun yanzu, in taho da ɗaya a aljihu.

Ɗan Farsha: Ka haɗo masa da farfela, akwai 11x6 guda biyu a kwalin nan. Tsumma kuwa ya nema da kansa.